Ƙirgar da Ban Faɗa Masa Ba

A kan nawa ya kamata in buɗe baki? Shekara uku ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya, ban samu amsa ba. Na tambayi ɗiyata, wadda take rubuta maganar nan yanzu, ta ce in bar wa Allah. Na bar masa. Amma tambayar ba ta bar ni ba, da ita nake tashi, da ita nake wanke ido.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. A Bauranya aka haife ni, aure ya kawo ni Kankiya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana saurayi ya yi leburanci da ma'aikatan wuta lokacin da ake kafa falwaya a garin nan. Shi ne mai ɗaukar tsani. Ba su ba shi takarda ba, amma idonsa da kunnensa sun ɗauki aikin. Da aka gama, sai ya kafa teburi a gindin bishiyar bedi yana gyaran rediyo da fanka da dutsen guga. Taransifomar unguwarmu tana nan kusa da teburin nasa, cikin shingen waya, taku goma bai kai ba. Fiye da shekara talatin yana zaune gefenta yana jin gurnaninta. Yakan ce ya fi sanin muryarta da tawa, don ita ba ta yin shiru in ta yi fushi.

Akwai wata 'yar waya siririya da suke kira fis. In kaya ya yi wa taransifoma yawa, ita ce take fara ƙonewa, wuta ta ɗauke, taransifomar ta tsira. Ma'aikatan wuta suna da nisa, aikinsu da yawa, saboda haka duk sanda ta ƙone shi ake kira. Ya ɗauki doguwar gorarsa busasshiya da safar hannu ta roba ya je ya sa wata. Kullum siririya yake sawa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai sa mai ƙwari ba ya huta da kira. Ya ce, "Ke 'yar Bauranya, ai don ta mutu aka yi ta. Ranar da ta ƙi mutuwa, uwarta za ta mutu."

Yadda na shiga aikin nan kuwa, wata rana ce da hantsi. Ina zaune a ɗaki ina jan carbi, ƙwan lantarki na kunne don ɗakina ba shi da taga mai kirki. Bayan gidanmu akwai injin niƙa mai aiki da wuta. Mai injin ya tada shi, ƙwan ya yi ja kamar garwashi, can kuma ya dawo fari. Malam, maigidan nawa, yana tsaye bakin ƙofa yana kallo.

Ya ce, "Ɗiyan carbi nawa kika ja daga jan da ya yi zuwa dawowarsa?"

Na ce, "Malam, ni tasbihi nake yi, ba awo ba."

Ya ce, "Haɗa biyun. Wa ya sani, ko ladan ma biyu ne."

Washegari na lura. Uku na ja. Na faɗa masa, ya kaɗa kai ya ce taransifoma lafiyarta lau. Ya zauna ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce ba dushewar ce abin tsoro ba, ko sabuwar taransifoma sai ta durƙusa in aka tada babban inji. Abin dubawa shi ne daɗewar da take yi kafin ta miƙe. Mai ƙarfi in ta durƙusa nan take ta tashi. Wadda ta gaji tana tashi ita ma, har mutane su ce ai lafiya, amma kowane tashi ya fi na baya nauyi. Ya ce, "Ranar da kika kai goma sha biyar, ko ina masallaci ki aika a kira ni."

Haka na zama mai awon wuta da carbi. Shekara da shekaru ƙirgar ba ta wuce uku ba. Daga baya ya koma biyar, ya koma bakwai. Unguwa tana ta cika. Gonakin da ke bayanmu suka zama gidaje, mutanen ƙauyuka suka yi ta tasowa suna dawowa gari, kowa ya ja waya daga falwayar da ta fi kusa. Wannan ta sayi firiza, wancan ya gina rijiyar burtsatse, mai walda ya buɗe shago, amare suka zo da hita. Ba wanda ya ɗora abin da za a ce shi ne ya yi yawa. Kowa ɗan nasa ya ƙara. Mu ma da ɗiyata ta kawo mana fanka ta biyu, ba mu ce a mayar ba.

Akwai kuma abin da muke yi wanda ya fi ɓata masa rai. Layi uku ne ke fitowa daga taransifoma. In na wani gida ya mutu, maigidan ba ya jira, sai ya sauya wayarsa zuwa layin da ke da rai. Maƙwabcinsa ma haka. Kafin a jima rabin unguwa sun hau layi ɗaya, shi ma ya faɗi, kowa ya ruga na ukun. Malam yakan ce kamar ɗaukar jinkar rumbu ne. Mutum goma suna ɗauke da ita, ɗaya ya zame, nauyinsa bai tafi ko'ina ba, kan na kusa da shi ya koma. In shi ma ya durƙusa, na uku ya ɗauki na mutum uku. Ya ce jinka ba ta faɗuwa a hankali. Tana sama, tana sama, sai ka gan ta ƙasa. Duk sanda rediyo ya ce wutar ƙasa baki ɗaya ta ɗauke, sai ya ce mini, "Kin ji, jinkarsu ta faɗi. Irin tamu ce, girma kawai ta fi ta. Akwai wanda ya riga ya ga alama, ko dai bai faɗa ba, ko ya faɗa ba a ji ba."

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Daminar da ta gabaci rasuwarsa, ya dawo daga gonarsa ta hanyar Tafashiya a kan keke. Ya jingine keken a zaure, shi ma ya jingina da bango, ya dafa ƙirji yana haki. Carbi yana hannuna. Wallahi ban yi niyya ba, yatsuna ne suka saba. Na ga ina ja ina kallon ƙirjinsa. Tara na ja kafin numfashinsa ya daidaita ya ce in ba shi ruwa. Na ce a raina, wane tsoho ne zai tuƙo keke daga Tafashiya bai yi haki ba? Amma daga ranar na ci gaba da ƙirgawa a ɓoye. Da kaka ta yi, ya ɗauko damin gero daga ƙofar gida zuwa rumbu, goma sha biyu. Da sanyi ya wuce, dawowa daga masallaci kawai, goma sha bakwai. Ƙafafunsa suka fara kumbura, takalminsa yana barin shaida. Ya daina kwanciya sosai, sai ya tara matasai a bayansa ya ce haka ya fi masa daɗi.

Me ya hana ni magana? A inda na tashi, mace ba ta duban tsabar idon mijinta ta ce masa ƙarfinka ya fara ƙarewa. Kuma uwata ta horar da mu cewa ba a ambaton ciwo a kan mutumin da ke tsaye da ƙafafunsa, in ka ambata ka kira shi, in abin ya faru a ce bakinka ne. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa kiran sunansa ba, balle in kira masa cuta. Sai na bi ta gefe. Na rage gishiri a miya. Na riƙa dama masa kunun tsamiya. Na ɓoye famfon kekensa a cikin tukunyar da ba na amfani da ita, don in taya ta sace ya haƙura da gona. Ya neme shi kwana biyu, ya je ya aro na mai faci. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, ko za ka je a duba ka?" Ya yi dariya ya ce, "A duba mi? In rediyo yana magana ba a kwance shi." Na yi dariya ni ma, na ji sanyi a raina da ya ba ni hanyar yin shiru.

Ɗiyata tana koyarwa a Kusada. Ta zo mana kafin azumi, ta same ni a madafa ta ce, "Inna, Baba lafiya kuwa? Na ga kamar ya faɗa." Na ce mata tsufa ne. Da na ce mata goma sha bakwai, da na gaya mata daga tara aka fara, na san halinta, da ranar ta sa shi a mota ko yana so ko ba ya so. Yau ta fara jin wannan, tana rubutawa tana share ido. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya zo. Zafi irin wanda ko kaji sai su buɗe baki su kwanta a gindin randa. Duk mai firiza ya cika ta da ruwa, don kafin shan ruwa kowa ƙanƙara yake nema. Fis ta riƙa ƙonewa kullum, wata rana sau biyu. Ran shida ga azumi ƙirgar wuta ta kai goma sha biyar, na faɗa masa kamar yadda ya ce. Ya je wurin mai unguwa ya ba da shawara a raba: gidajen gabas su kunna firiza da safe, na yamma bayan azahar, mai inji da mai walda kada su yi aiki lokaci ɗaya. Mai unguwa ya ce zai yi magana.

Bayan la'asar mutane suka zo ƙofar gidanmu, ina jin su daga bayan zaure. Babban mai magana shi ne mai ƙanƙara, mutumin da ke da firiza huɗu, kuma tare ya tashi da babban ɗanmu da ya rasu.

Ya ce, "Baba, don Allah wayar nan taka kamar gashin jariri take. Ka sa mana mai kauri mu sha ruwan sanyi mu yi maka addu'a."

Malam ya ce, "Ɗana, in na sa mai kauri, abin da zai ƙone ba waya ba ce."

Mai walda ya ce, "Haba Baba, tun ina koyon aiki kake cewa za ta mutu. Ga ta can tana gurnani kamar bijimi."

"Ashe kai ma ka ji gurnanin. Da can ka taɓa jin ta daga shagonka?"

Wani daga baya ya ce, "An ce har Inna ka ɗauka aiki, da carbi take auna wuta. To a tambayo mana ita, gobe za a kawo ko ba za a kawo ba?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi. Ni kuwa kunya ta rufe ni a bayan bango. Ya ce musu hannunsa ba zai sa waya mai kauri ba, su yi haƙuri. Suka watse ba faɗa. Ranar kasuwa suka samo wani mai gyara daga wani gari, ya murɗa wayar tagulla mai kaurin ɗan yatsa ya sa, ya hau babur ya tafi.

Kwana tara fis ba ta ƙone ba. In an kawo wuta tana nan har sai an ɗauke daga can sama. Unguwa ta yi ta murna. Matar mai ƙanƙara ta aiko mini da ƙanƙara biyu a kwano, ta ce a kai wa injiniya mai carbi. Ba zan yi ƙarya ba, da ita na yi buɗa-baki, kuma na ji daɗinta har cikin kaina. Har na fara tunanin ko dai Malam ya tsufa ne, tsoro ya yi masa yawa. Shi ruwan randa ya sha. Kullum da ya dawo daga teburinsa sai ya ce shingen ma ya yi zafi, mai yana tsiyaya ta gindin taransifomar, ƙasar wurin ta yi baƙi.

Rana ta goma da hantsi mai inji ya tada injinsa. Ƙwan ya yi jawur. Na ja goma sha biyar, na ja ashirin, na kai shaidar farko ta carbi, talatin da uku, bai dawo ba. Injin yana ta nishi ya kasa ɗauka, fanka ta tsaya tana rawa wuri ɗaya. Sai da mai injin ya kashe sannan ƙwan ya ɗan farfaɗo.

Malam yana tsakar gida yana gyaran wata fanka. Na fito na ce masa, "Ta wuce talatin da uku, kuma ba ta dawo da kanta ba."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce tunda fis ba za ta kare ta ba, sai dai mutane su kare ta. Zai bi gida gida ya roƙi a kashe firiza har rana ta yi sanyi. Ya ɗauki hularsa.

A nan ne. In akwai wurin da zan nuna da yatsa, a nan ne. Kwana ɗaya kafin nan na ƙirga masa ashirin da bakwai, daga ɗaki zuwa bayan gida kawai ya je. Lamba biyu ke bakina a safiyar nan, ta wuta da tasa. Na ba shi ta wuta, na haɗiye tasa. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Malam, rana ta take, ga azumi." Ya ce rana ba ta cin tsoho, ta fi son mai maiƙo. Ya fita.

Sai bayan azahar ya dawo. An ce gida fiye da ashirin ya shiga. Huɗu suka kashe. Sauran suka ce to, Baba, yanzun nan, ya juya baya suka bar ta a kunne, don kowa yana ganin tasa guda ɗaya ba ita za ta kashe taransifoma ba. Ya shigo zaure yana bin bango, ya zauna a tabarma, ya jingina. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Na kawo ruwa na ce ya karya azumin, ya girgiza kai. Na durƙusa gabansa, carbi na hannuna. Na wuce talatin da uku. Na wuce sittin da shida. Ƙirjinsa yana ɗagawa yana faɗuwa kamar injin nan da ya kasa ɗauka. Ya buɗe ido ya dubi hannuna, ya yi mini magana ɗaya. Bari sai na gama zan faɗe ta, don in na faɗe ta yanzu ba zan iya ci gaba ba.

Na fita ba mayafi ina kururuwa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Mai ƙanƙara ne ya fara zuwa. Shi ya ɗauke shi a hannu kamar yaro ya sa a motarsa ta ɗaukar kaya. Kafin su isa asibiti rai ya yi halinsa. Wanda ya duba shi ya gaya wa ɗiyata cewa zuciyar ta daɗe da gajiya, ba abin rana ɗaya ba ne, kuma akwai magungunan da kan taimaka in an zo da wuri, ko da yake kwana na Allah ne. Kafin magariba aka kai shi makwancinsa.

Ranar sadakar uku, da hantsi, maza suna zaune a tabarmi ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, sai muka ji ƙara kamar an fasa dutse. Baƙin hayaƙi ya tashi daga wajen bedi, warin ƙonannen mai ya cika unguwa. Fankar da ke kaina ta tsaya. An ce mazan sun miƙe tsaye suna kallon taransifomar tana ci da wuta, sannan suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Teburinsa ma ya ƙone rabi.

Da yamma mai ƙanƙara ya nemi iso ya shigo, ya durƙusa bakin ƙofata yana kuka kamar ba magidanci ba. Ya ce, "Inna, ki yafe mana, Baba ya faɗa ba mu ji ba." Na ce masa na yafe, kuma har ga Allah ban riƙe shi ba. Ina zan samu bakin riƙe shi? Su an faɗa musu ba su ji ba. Shi Malam ba a faɗa masa ba.

Duk takabata a duhu na yi ta, wata huɗu da kwana goma, ƙwan yana rataye a kaina ba rai. A nan na yi ta juya lambobin. Da na yi magana a kan tara, da ya ce kowane tsoho haka yake, kuma da gaskiyarsa. A kan goma sha biyu, da ya ce dami ne ya yi nauyi. Goma sha biyar ita ce iyakar da ya sa wa wuta, amma bai sa wa kansa iyaka ba, ni ma ban sa masa ba. Kowace lamba kaɗan ta ɗara ta jiya, ba ranar da ta yi tsalle har in firgita. Kuma kullum yana dawowa daidai, ya ci tuwo, ya yi mini ba'a. Shi da kansa ya koya mini cewa dawowar ba ita ce shaidar lafiya ba. Na riƙe karatun a kan ƙwan lantarki, na kasa riƙe shi a kan mutum.

Daga baya an kawo sabuwar taransifoma, ta fi waccan girma. Ranar da aka kunna ta na ja biyu. Bara huɗu ne. Bana na fara samun shida, kuma ana ta gini a bayan injin niƙa. Yanzu ba na haɗiyewa. Duk wanda ya shigo gaishe ni sai na gaya masa lambar ranar, har na aika wa mai unguwa. Na san wasu suna cewa rasuwar Malam ta taɓa ni. Su faɗa. Ko ɗiyata in ta shigo tana haki sai na sa ta zauna na ƙirga a fili, tana ji.

Saura maganarsa. Na daɗe ina tunanin ko ya san abin da nake yi tun daga ranar keke, ya yi shiru don kada ya ba ni kunya, kamar yadda na yi shiru don kada in ba shi. Ban sani ba. Ya dubi yatsuna a kan carbi, ya ɗago ya dube ni, har da ɗan murmushi a bakinsa, ya ce:

"'Yar Bauranya, wa kike ƙirga wa, ni ko wutar?"